Baitin da Kálmán Ba Ya Rerawa

Vilmos na durƙushe a bayan dandamali yana ɗaure wa Kálmán igiyar takalmi, gwiwoyinsa sai ƙara suke yi kamar tsohuwar ƙofa, sai Kálmán ya dube shi daga sama ya ce, "Wai yau a ina muke wasa?"

"A gida, tsoho. Filin gaban tsohuwar mahaƙar kwal."

"Ai na sani. Gwada ka nake yi."

"To na gode da gwajin. Miƙo ɗaya ƙafar."

Ba wannan ne karo na farko da ya yi tambayar ba tun safe, kuma Vilmos ya san ba shi ne na ƙarshe ba. Ya ja igiyar da ƙarfi, ya dafa akwatin lasifika ya miƙe. Shi ne mai jitar bes, mai kaurin amon nan, ta ƙungiyar Garwashi, Kálmán kuwa shi ne muryarta, tun ranar da suka fara kiɗan rok a ɗakin taron ma'aikatan mahaƙa, da lasifikan da Ottó mai ganguna ya harhaɗa daga matattun rediyoyi. Abin ya haura shekara hamsin. Masu jita sun zo sun wuce: wani ya tsallaka Jamus, wani ya auri mace mai ƙin hayaniya, wani yana maƙabarta. An aske musu gashi da ƙarfi a ofishin 'yan sanda, an hana sa waƙoƙinsu a rediyo, an dawo an ba su lambar yabo, sun rabu da rantsuwa sun sake haɗuwa ba tare da kowa ya ba kowa haƙuri ba. Su ukun nan dai suna nan, sabo turken wawa.

Takardun da aka manna a gari cewa suka yi bikin zagayowar shekara ne. Ba su ce ban kwana ba. Amma tun lokacin sanyi, da likita a birnin Pécs ya zaunar da Piroska matar Kálmán ya gaya mata sunan ciwon da ke cinye wa mijinta tunani, mutum uku, ita da Vilmos da Ottó, sun san wannan ne wasa na ƙarshe. Kálmán kansa wata rana ya sani, wata rana ya tambayi yaushe za a tafi yawon wasa bakin tafkin Balaton.

Da la'asar aka sa wasan, domin masoyan Garwashi yanzu da magariba suke haɗiye maganin hawan jini su nemi gado. Filin ya cika da furfura da baƙaƙen riguna masu sunan ƙungiyar, waɗanda tumbi ya buɗe su har harufan sun rarrabu. Ƙanshin miyar nama da jan barkono na tasowa daga manyan tukwanen da aka rataye kan wuta.

Piroska ta kamo hannun rigar Vilmos ta ja shi bayan motar kaya. Mace ce 'yar ƙarama, amma in ta kafe ka da ido sai ka tuna laifin da ka yi bara.

"Vili, ka dube ni. Duk mutanen nan da waya a hannunsu. In ya ɓace a kan dandamalin nan, kafin mu isa gida duk ƙasar ta gani."

"Ina kusa da shi, Piri. Zan riƙa jefa masa kalmar farko, sauran bakinsa ya sani."

"Jiya bai gane ɗakin wanka ba. Ya tsaya a ƙofa yana neman izinin shiga. Ba na son a tuna shi haka. In ka ga ya ɓace, ka sunkuyar da jitar. Ka yi mini alkawari."

Sunkuyar da jita tsohuwar alama ce. A zamanin da, in Vilmos ya hango 'yan sandan ciki masu baƙin kwat sun shigo ta bayan zaure, sai ya karkatar da wuyan jitarsa ya kalli ƙasa, Ottó ya rafka wa faifan tagulla duka, waƙa ta mutu nan take ko a tsakiyar kalma ne. Rabonsu da yin ta tun faɗuwar tsohuwar gwamnati.

"Na yi alkawari," in ji Vilmos, zuciyarsa kuwa ba ta so ba ko kaɗan.

Ottó ya leƙo, sanduna a aljihun baya, yana tauna. Kunnensa ɗaya ya daɗe da ritaya, don haka komai da ihu yake faɗa. "Me ake ƙulla mini a nan?" Ya nuna Vilmos da haɓa. "Ke Piroska, har yanzu ba ki haƙura da wannan mai sanƙon ba?"

"Rufe mana baki, kurma," in ji Vilmos. "Ka dai riƙa kallon jitata."

Ottó ya daina tauna. Ya dubi Piroska, ya dubi Vilmos, ya gane. "To," ya ce, a karon farko da ƙaramar murya. "Ko ba komai, a waƙar ƙarshe Kálmán zai samu ya huta a baiti na uku."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san zancen baiti na uku. Waƙar sunanta "Kwat ɗin Baba". Kálmán ya rubuta ta ne kan yayansa Tibor, wanda ya tsallake iyaka a shekarar tawaye, Kálmán na ɗan firamare, bai kuma dawo ba har ya rasu a can wata ƙasa. Kwamitin tace waƙoƙi ya bar baiti biyu na farko, ya soke na uku, aka kira Kálmán aka gaya masa abin da zai same su in ya kuskura. Su kuwa ba su cire baitin ba. In an zo wurin sai su ci gaba da kiɗa, Kálmán ya sauke makirufo ya ja bakinsa ya tsuke. Yadda kalmomin suka fita waje, har yau kowa da nasa labarin. Wata rana dai a wani zaure wasu da ke can baya suka rera, wani makon rabin zaure, daga nan kowa. Wa za ka kama? Mawaƙi bai ce uffan ba.

Da gwamnatin ta faɗi aka ce to, Kálmán, yanzu sai ka rera abinka. Ya ƙi. "Lokacin da yake da haɗari su suka rera, ni na yi shiru," ya ce. "Yanzu da babu mai hanawa in zo in buɗe baki? Ai da kunya." Da dariya yake faɗa, amma Vilmos ya san abin na cinsa. Baitin ya zama na jama'a, shirun ya zama na Kálmán, haka aka tafi.

Suka hau. Kai, jama'a! Ihun da ya tashi sai da tattabarun kan hasumiyar mahaƙa suka watse. Ottó ya haɗa sandunansa, Vilmos ya kaɗa tsirkiyar farko, sai ga Kálmán ya miƙe tsaf kamar an zare masa shekara talatin daga baya. Tsohon doki mai sane. Ƙafarsa ta san inda za ta taka, hannunsa ya san lokacin da zai nuna sama. Vilmos ya matso har kafaɗarsu na gogayya, kafin kowane layi ya jefa masa kalma ta gefen baki, Kálmán ya cafe ya wuce da ita. A wata waƙa ya maimaita baiti ɗaya sau biyu, jama'a suka ɗauka gangan ne suka bi shi da murna. Vilmos ya saci kallon Piroska a gefen dandamali. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, ko motsi ba ta yi.

Rana ta yi sanyi, inuwar hasumiya ta rufe rabin fili, suka shiga "Kwat ɗin Baba". Waƙa ce mai tafiya a hankali. Tsofaffi suka rungumi kafaɗun juna tun kafin a fara.

Baiti na farko ya wuce lafiya. A tsakiyar na biyu Vilmos ya jefa kalma, ba a cafe ba. Ya sake jefawa. Kálmán ya tsaya cak, idonsa a can ƙarshen fili. Vilmos ya bi kallon: 'yan sanda ne biyu, mace da namiji, waɗanda aka turo kula da taro, suna jingine da motarsu. Namijin ma burodi yake ci. Amma fuskar Kálmán ta canja. Vilmos ya san wannan fuskar, ya daɗe bai gan ta ba. Leɓen ƙasa ya shige ciki, jijiyar wuya ta tashi.

Jama'a suka ɗauki sauran baiti na biyun da kansu, ba su lura ba tukuna. Piroska ta lura. Ta saki hannuwanta tana yi wa Vilmos nuni da ƙasa, ƙasa, bakinta na cewa Vili. Ottó ya zuba wa jitar ido, sandarsa ta dama a sama. Kálmán ya juya ya dubi Vilmos kamar bai taɓa ganin filin nan ba, gumi na bin kuncinsa. Shi ke nan, ya ɓace. Alkawari kaya ne. Vilmos ya fara karkatar da wuyan jitar, a hankali.

Kiɗa ya iso bakin baiti na uku. Dubban mutane suka ja numfashi tare, kamar yadda suka saba. Nan ne Kálmán ke sauke makirufo.

Bai sauke ba. Ya damƙe shi da hannu biyu, ya taka har bakin dandamali, ya kafe 'yan sandan nan da ido, ya buɗe baki.

"Ka tsallake wayar iyaka da kwat ɗin Baba a jikinka,
Inna na ajiye maka kwano har yau."

Jama'a sun riga sun fara kalmar farko. Sai muryoyin suka riƙa mutuwa, daga gaba zuwa baya, har fili ya yi tsit, ban da kiɗa da muryar tsoho ɗaya. Babu wanda ya taɓa jin baitin nan a wannan murya, ko Piroska. Ba wanda ya jefa masa kalma. Vilmos ya dubi wuyan jitarsa da ya kusa kallon ƙasa, ya ɗaga shi sama, ya girgiza wa Ottó kai. Ottó ya sauke sandar a hankali, ya ci gaba da bugu mai taushi, hawaye na shiga masa gemu.

"Sun ce kada a ambaci sunanka a gidan nan,
To ga shi na ambata: Tibor, Tibor, dawo."

Da waƙar ta ƙare, an ɗan jima kafin wani ya tuna ana tafi. Da aka fara kuwa kamar ruwan sama a kan kwano. Kálmán bai rusuna ba, bai ɗaga hannu ba. Ya juya ya nufi bayan dandamali da sauri, Vilmos ya ajiye jita ya bi shi. A saman matakala Kálmán ya riƙe masa hannu gam, tafinsa sanyi ƙalau.

"Vili," ya ce da raɗa, "na rera."

"Na ji, tsoho."

"Gaba ɗaya. A gabansu. Ka gan su a baya?" Numfashinsa na fita da ƙyar, amma idonsa na ƙyalli. "Ka yafe mini, ban yi shawara da ku ba. Na gaji da yin shiru ne. Ka ce musu ni kaɗai ne, kai da Ottó ba ku sani ba. Kana da yara ƙanana."

Yaran Vilmos sun yi jikoki. Ya tsaya yana kallon abokinsa, sai yanzu ya gane. Ashe ba mantawa Kálmán ya yi cewa an hana baitin ba. Abin da ya manta shi ne an daina hanawa.

Piroska ta iso, fuskarta jiƙe. "Kálmi, ai babu wanda zai..."

Vilmos ya taɓa mata hannu. Ta dube shi, ta dubi mijinta yadda ya tsaya ƙirji a buɗe, ta gyaɗa kai.

Ta gefen motar kaya sai ga 'yan sandan nan biyu suna tahowa, suna ratsa mutane. Macen na rungume da wani tsohon faifan garmaho na Garwashi, kwalinsa duk ya tsufa, da alƙalami a hannu. Namijin na share bakinsa, ya cire hula.

"Ga su nan," in ji Kálmán. Bai ja da baya ba.

"Na gan su," in ji Vilmos. Ya gyara masa kwalar riga, ya saƙala hannunsa cikin nasa. "Ba kai kaɗai ba ne, ni na kaɗa maka. Ɗaga kanka, tsoho. Tare za mu je."

Suka fara sauka, Vilmos na lura da igiyar takalmin.