Muryar Baba a Ƙarƙashin Gada

Abu guda ne ya kai ni jami'a ranar nan: muryar Baba. Ba mu da ita a ko'ina. Mutum ne da ba ya yarda a ɗauke shi a waya, da ka ɗaga masa sai ya ce, "Ni ɗan fim ne?" Ciwo ya kayar da shi, kafin mu farga ya tafi. Na bincike wayata kaf, babu ko tarinsa. Tsoro ya fara kama ni, don in na rufe ido zan tuno yadda yake kirana, sai in ji kamar muryar wani ce.

Sai na tuna da Dakta. Baƙuwa ce, jami'ar garin nan ta gayyato ta ta yi shekara tana bincike a kan hayaniyar birni. Wata safiya kawai muka gan ta a ƙarƙashin gadar sama, inda Baba ke gyaran keken hawa, ni kuma ina bayansa a shago da keken ɗinki. Ta kafa wata na'ura a kan sanda, wai ƙara take aunawa. Na ce ikon Allah, yanzu har hayaniya ta zama karatu? Shi kuwa Baba jininsu ya haɗu. Ya sakar mata bencinsa, ta riƙa zuwa da ɗan rikoda tana tambayarsa yadda titin yake kafin a gina gada, da lokacin da kunnensa na hagu ya daina ji. Mutumin da ya ƙi wayata, ga shi zaune yana ta zuba. Wallahi har kishi na yi.

Na same ta a ofishin da ake ba baƙin malamai, can ƙarshen bene. Kwalaye cike da littattafai, an sauke taswirar gari daga bango an naɗe. Shekararta ta ƙare, shirin tafiya take. Ta riga ta zo mana gaisuwa, don haka ban yi kwana-kwana ba.

"Dakta, don girman Allah, hirar da kuka yi da Baba nake so. Ko kaɗan ce, in ji muryarsa."

Ta ajiye littafin da ke hannunta, ta zauna a kan kwali.

"'Yar'uwa, na goge."

Ta yi mini bayani a hankali. Ƙa'idar aikinsu ce, da zarar an rubuta abin da mutum ya faɗa, sai a goge muryar don kada a gane shi. Baba kuma ya caccaki masu son korar su daga ƙarƙashin gadar, bai rage musu komai ba, ya ce kada muryarsa ta kai kunnen kowa. "Na yi masa alkawari," in ji ta, "kuma na cika." Ta miƙo mini takardu, wai duk maganarsa tana ciki.

Raina ya ɓaci, ban iya ɓoyewa ba. Na ce, "Takarda zan kara a kunne? Haba Dakta! Kin kwashi ƙarar manyan motoci kin adana kamar zinariya, mutum kuma kin goge shi?"

Na ɗauka za ta ji haushi. Sai kawai ta miƙe ta buɗe kwamfutarta.

"Ƙarar titi ba ma gogewa," ta ce. "Ita ba hira ba ce. Na'urar nan ta sha wuni kusa da bencinsa. Ban yi miki alkawarin komai ba, amma zo mu saurara."

Ta sa mini abin sauraro a kunne. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta karkata. Hon, burki, rugugin tirela a saman gada, masu talla. Kaina ya yi ta sarawa. A ranar na san abin da ya ci kunnen Baba, mu da muke ciki mun daina ji. Can na tsinci guduma tana dukan ƙarfe, biyu da sauri ɗaya a hankali. Hannunsa ne, ko a mafarki na san shi. A bayanta ga keken ɗinkina yana ta aiki.

Dakta ta nuna mini wani ɗan tsini a layin da ke gudu a kan allo. Ta ce ta taɓa wuce shi, ta sa shi cikin ƙarar da ba a tantance ba. Ta ƙara sauti.

Gudumar ta tsaya. Wata mota ta wuce.

"Uwata! Ke Uwata, bar ɗinkin nan haka, shayinki zai huce!"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A ofishin mutane, gaban baƙuwa, hawaye na zuba a kan kwalinta, na ce, "Na'am, Baba."

Ita ma ta juya baya tana share ido. Ta yanko wurin ta tura mini a waya kafin in tafi. Bai fi numfashi biyu ba, kuma rabinsa hon ne. Ba na kunna shi a gaban mutane, don har yau in ya kira sai na amsa.