Ba Tafiya Ta Yi Ba

Mai Keke na ɗura wa Malama ruwa da cokali lokacin da shugabar makaranta ta gyara zama a bakin gado ta ce, "Kada ki damu da yaran, Malama. Za mu ce musu kin yi tafiya."

Malama ta kau da kai, ruwan ya bi gefen bakinta ya jiƙa matashi. Kwana huɗu ke nan ba a jin muryarta sai an kai kunne, amma wannan karon har bakin ƙofa an ji ta.

"Kada ku soma."

"To me za mu ce? Yara ne fa, babbansu bai cika shekara shida ba."

"Haka aka ce musu a kan iyayensu. Har yau jira suke yi."

Shugabar ta dubi Mai Keke, irin kallon nan na a yi wa mara lafiya uzuri. Ta ajiye ledar lemo, ta yi addu'ar samun sauƙi, ta fita. Ba muguwar mace ba ce, tana dai cikin mutanen da ke ganin duk abin da ba a faɗa ba kamar bai faru ba ne.

Mai Keke tela ce, keken ɗinkinta ne ya cinye mata suna. Shekara tara katanga ɗaya ce tsakaninta da Malama, wadda ke riƙe da ajin ƙanana a makarantar renon yara ta ƙarshen layi. Shekara uku da suka wuce aka sauke iyalan da faɗa ya koro a wani tsohon sito bayan kasuwa, aka kwaso 'ya'yansu ashirin da uku aka zuba a ajin Malama. Tun daga nan, kullum aka tashi makaranta ba ta wucewa ɗakinta. Shagon Mai Keke take shiga, ta zauna a 'yar kujerar da ke kusa da kwandon ƙyallaye, ta cire takalmi ta ce, "Yaya, yau kam na gani."

Da farko Mai Keke ba ta tsayar da ɗinki, tana taka keke tana "uhm, uhm". Sai ranar da ta ɗago ta ga hawayen Malama na zuba a kan jakarta. Daga ranar ta koyi sauke ƙafa daga kan keken, ko da mai kaya na tsaye tana tsaki.

A kujerar nan ta san yaran kaf ba tare da ta taɓa ganinsu ba. Ta san ba sa yarda a cire musu takalma lokacin barcin rana, don sun taɓa gudu ba takalmi. Ta san idan bokiti ya faɗi rabin ajin ƙarƙashin tebur suke shigewa. Ta san wata yarinya da ake ce wa Shiru, wadda ba a taɓa jin kalma daga bakinta ba. Ta kuma san dokar Malama: ba ta fita aji, ko bayi za ta, sai ta faɗi inda za ta je, ta nuna musu agogon bango ta ce, "Kafin dogon hannu ya zo nan na dawo." Kuma ba ta taɓa saɓawa ba.

Sau biyu a shekara wasu kan zo a farar mota su koya wa malamai yadda za su kula da kansu. A raba littafi da biro, a ɗauki hoto, a tafi. Amma wanda zai riƙe wa Malama aji na yini ɗaya, babu. Mataimakiyarta, wadda yara ke kira Anti Ƙarama, wata shida ke nan da fara aiki, ita ma a tsorace take. Da ciwon ciki ya soma damun Malama ta je asibiti sau ɗaya, ta dawo ta tarar Shiru ta ciji hannun kanta har jini. Likita ya ce ta dawo bayan mako biyu, sai da ta yi wata bakwai.

"Ke kaɗai ce malama a duniya?" Mai Keke ta sha yi mata faɗa.

"A ajin nan dai, Yaya, ni kaɗai ce."

Ranar da ta faɗi a bakin famfo aka kwashe ta, likitan ya duba ya ce an makara. Mai Keke ba ta yafe wa kanta ba. Tana ganin da ta rufe shago ta ja ta da ƙarfin tsiya tun farko, da ba a zo nan ba.

Bayan fitar shugabar, Malama ta kama bakin zanen Mai Keke.

"Yaya, ki je ki gaya musu."

"Ni? Ni tela ce. Me na sani a kan yara in ba awon wuyansu ba?"

"Na ce musu zan dawo. Na nuna musu agogo." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ƙarama ba za ta iya ita kaɗai ba. Ki tsaya kusa da ita."

"Ke dai ki warke ki je da kanki."

"Yaya."

Mai Keke ta ce to, don ba ta da ƙarfin cewa wani abu.

Ranar Alhamis da rana Malama ta cika. Zafi ake yi, an ɗage labule, ana jiyo mai gyaran babur yana buga ƙarfe a waje. Tun hantsi ba ta gane kowa. Wajen ƙarfe goma sha biyu, lokacin da take kwantar da yara, hannunta na hagu ya shiga bubbuga katifa a hankali, yadda ake yi wa bayan yaro. Mai Keke na riƙe da na daman. Bugun ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Aka yi abin da ake yi, 'yan'uwa suka zo suka kwashe kayan ɗakin, mai gida ya sa kwaɗo. Mai Keke ta koma kan kekenta. Alkawarin na ranta, amma kullum sai ta ce gobe. Tsoro take ji, ba wani abu ba.

A rana ta biyar Anti Ƙarama ta zo. A bakin shago ta tsaya, idanunta sun kumbura.

"Mama, ni kam na gaji. Ajiye aikin zan yi."

"Shigo mana, 'yar nan."

"Shugaba ta ce musu Anti ta yi tafiya. Tun ranar Shiru ke zaune a bakin ƙofa, ba ta ci, ba ta kwanciya, agogo kawai take kallo. Yanzu su shida ne a ƙofar. Kullum sai sun tambaye ni dogon hannu zai zo ina. Jiya na nuna musu, Mama. Na yi musu ƙarya da hannuna."

Kunya ta kama Mai Keke har ta kasa haɗa ido da yarinyar. Ta rufe keke da ƙyalle ta ce, "Gobe da safe ki biyo ta nan."

Shugabar makaranta ta tare su a baranda. "Baiwar Allah, za ki tayar mana da hankalin yara."

"Ranki ya daɗe, a kwance yake yanzu?"

Shugabar ta leƙa ta taga, ta ga 'yan shidan a jere a bakin ƙofa. Ta matsa gefe.

Ajin ya fi yadda Mai Keke ta zata ƙanƙanta. Tabarmi a naɗe a lungu, kofuna a kife a faranti, an ɗaura tsumma a jikin ƙofa don kada ta buga da ƙarfi. Anti Ƙarama ta tara yaran, ta zauna a ƙasa. Mai Keke ta zauna a bayanta da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ta ɗora mata tafin hannu a baya.

"Shekaranjiya na gaya muku abin da ba gaskiya ba," in ji Anti Ƙarama. "Anti ba tafiya ta yi ba. Ta rasu. Ba za ta dawo ba."

Babu wanda ya yi kuka, kuma wannan ne ya fi tsorata Mai Keke. Can wata mai giɓi ta ɗaga hannu kamar yadda aka koya mata.

"Su wa suka kashe ta?"

Anti Ƙarama ta juyo ta dubi Mai Keke. Sai a lokacin Mai Keke ta gane abin da ya sa Malama ta nace sai ita. Yaran nan ba su san ana mutuwa haka kawai ba.

"Babu wanda ya kashe ta," ta ce. "Ciwo ta yi. Ni maƙwabciyarta ce, ina wurin."

"A daji?"

"A ɗakinta, a kan gadonta. Da matashi."

"An gudu an bar ta?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba a gudu ba. Ina riƙe da hannunta har ta cika. Wannan hannun." Ta ɗaga shi suka gani.

"Ta sa takalminta?"

"Ta cire. Yana gefen gado."

Suka yi ta tambaya, Mai Keke na amsawa. Wasu suka soma kuka, Anti Ƙarama ta jawo su jikinta tana kukan tare da su. Mai giɓi ta ce, "Ta ce kafin dogon hannu ya zo."

"Ta so ta dawo. Shi ya sa ta aiko ni, ta ce kada ku yi ta jira."

Shiru ba ta shiga cikinsu ba, tana nan a bakin ƙofa. Da lokacin barci ya yi aka shimfiɗa tabarmi, sai ta miƙe, ta zo ta tsaya a gaban Mai Keke. Ta kama hannun nan, ta juya shi, ta daɗe tana duba tafin da kuma kantar da almakashi ya yi wa yatsun. Sannan ta sake shi, ta je ta kwanta a ƙarshen tabarma, fuskarta ga bango, takalmanta a ƙafa.

Da la'asar Mai Keke na kan ɗinkin wata riga da ya kamata a karɓa tun shekaranjiya. Inuwa ta tare hasken ƙofa. Anti Ƙarama ce, da jakarta a kafaɗa, ta tsaya tana kallon 'yar kujerar da ke kusa da kwandon ƙyallaye. Ƙura ta hau ta.

Mai Keke ta zaro ƙyalle ɗaya daga kwando ta goge kujerar, ta sauke ƙafarta daga kan keken.