Kan Rago a Walimar Hedimasta

Shekara ashirin da shida Tolegen ya yi yana riƙe da makarantar nan ta bayan garin Almaty, wadda 'ya'yan jakadu da 'ya'yan 'yan kasuwar gida suke zama aji ɗaya. Kafin nan ya koyar a Istanbul da Kuala Lumpur, har wata shekara guda a Masar da ba ya son a tuna masa. Yanzu ga furfura ta cinye kai, ranar Asabar kuma za a yi masa walimar sallama. Ajiye aikin bai dame shi ba ko kaɗan. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wanda za a ba kujerarsa.

Shi dai Rauza yake so, mataimakiyarsa. Shekara goma sha tara tana wurin, ta san sunan kowane ɗalibi da na kakarsa, ta san malamin da zai gudu tun kafin shi kansa ya sani. Amma mai makarantar, Daniyar, wanda ya gaje ta daga mahaifinsa, ya ɗauko wani Bature daga Ingila, Mista Dawson. Wai iyaye sun fi sakin jiki in sun ga farar fata a ofis. Wannan Daniyar ɗin kuwa, a gaban Tolegen ya koyi ɗaura igiyar takalmi.

Ranar Juma'a Rauza ta shigo ofis ta ajiye wa Tolegen shayi. Agai suke kiransa, wato malam a harshensu.

"Agai, gobe in Daniyar ya faɗi sunan Baturen, takardata ta ajiye aiki tana cikin jaka. Dubai sun kira ni sau uku."

"An sa hannu da Baturen ne?"

"Ba a sa ba. Wai sai ya sanar a gaban jama'a."

"To bar takardarki a jaka, ki zo da yunwa."

"Agai, ba wasa nake yi ba."

"Ni kin taɓa ganin na yi wasa da abinci?"

Ranar Asabar da azahar aka shimfiɗa tebura a ƙarƙashin itatuwan tuffa na farfajiyar makaranta. Iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai sun cika wurin, ga naman doki a kan faffaɗar taliya, ga shayi da madara ana ta zagayawa da shi. A can sama aka zaunar da Kulyash-apa, mahaifiyar Daniyar, da farin ɗankwalinta. Tsohuwar ba ta da yawan magana, amma in ta yi, magana ta ƙare.

Sai aka fito da dafaffen kan rago a faranti. Kowa ya san gaban wanda ya kamata ya sauka. Daniyar ya karɓi farantin da hannunsa, ya wuce Tolegen kamar bai gan shi ba, ya dire shi a gaban Mista Dawson. Sanarwar ke nan, ba sai an yi jawabi ba. Rauza ta sunkuyar da kai. Abin ya yi wa Tolegen zafi, zafi ƙwarai, amma bai bari fuskarsa ta nuna ba. Yaron nan Daniyar ya yi karatu a London, ya dawo da rabin al'ada a aljihu, ya bar rabin a jirgi.

Tolegen ya juya ga baƙon, ya yi masa magana da Turanci yadda kowa zai ji.

"Mista Dawson, yaya jikin mahaifinka? Jiya ka ce mini an yi masa aikin gwiwa."

"Da sauƙi, na gode. Shekararsa casa'in da ɗaya, har yanzu shi ke tuƙa motarsa."

Wani tsoho a gefe ya yi gyaran murya. A al'adarsu, wanda mahaifinsa yake da rai ba ya raba kan rago. Kulyash-apa ta tambayi abin da aka ce, aka fassara mata, ta ɗago ta dubi ɗanta.

"Daniyar, mai uba da rai kake ba kai? A gidan wa ka ga an yi haka?"

"Apa, ai baƙo ne..."

"Baƙo ba ɗan wani ba ne? So kake ya sha gaban ubansa? Ɗauke."

Mista Dawson mutumin kirki ne. Da aka yi masa bayani ya tashi da kansa, ya ɗauki farantin ya kai gaban Tolegen, yana ba da haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba.

Tolegen ya naɗe hannun riga, ya karɓi wuƙa. Ya yanki ɗan nama a kunci ya ɗanɗana, yadda aka saba, sannan ya fara rabo ba gaggawa. Ganɗa ya fara cirewa, ya miƙa wa baƙon.

"Wannan ta masu magana ce. Allah ya sa harshenmu ya zauna maka. Muna neman mai riƙe manyan azuzuwa, in za ka zauna da mu."

Ya sa bakin wuƙa ya zaro ido ɗaya, ya ɗora a ƙaramin faranti, ya miƙe tsaye.

"Rauza, 'yata, matso. Ido na wanda zai kula da gida ne in mai gida ya tafi. Shekara goma sha tara da idonki nake gani, ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, yau na faɗa. Karɓi abinki."

Ta matso ta karɓa. Kafin Daniyar ya buɗe baki, Kulyash-apa ta ɗaga tafukanta. Dole kowa ya ɗaga, har da Baturen. Tsohuwa ta sa wa Rauza albarka, ta kira sunanta da na mahaifinta, ta roƙa mata ƙarfin riƙe makarantar da mijinta ya gina. Mutum ɗari biyu suka shafa. A ƙasar nan ba a taɓa jin ɗan da ya tashi ya warware albarkar uwarsa a gaban taro ba, kuma Daniyar ba shi da niyyar zama na farko.

Saura kunne. Tolegen ya yanke na dama, ya zagayo da kansa har inda Daniyar yake zaune. Kunne rabon yara ne, don su riƙa jin magana, ga Daniyar kuwa da shekara talatin da biyu da 'ya'ya uku. Malamai suka fara ƙunshe dariya.

Daniyar ya dubi kunnen, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi malaminsa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya kai baki.

"Agai, guringuntsi ne zalla. Ba ya taunuwa."

Tolegen ya dafa kafaɗarsa.

"Tauna a hankali, ɗana. Tun kana aji uku nake ajiye maka shi."