Shin ɗin Ƙofar Mama Zipporah

"Ku tsaya!" in ji Mama Zipporah, maƙwabciyata, masu motar asibiti suna turo ta a kan gado. Suka tsaya a bakin ƙofarta. Ta miƙa hannu wajen ɗan kwanson da ke kafe a jikin dogaran ƙofar, hannun ya kasa kaiwa. Ni na ɗaga mata shi.

Tun da muka tare a gidajen haya na Wendover nake kauce wa abin nan, na ɗauka laya ce. Ita kuwa Mama Zipporah tsohuwar Bayahudiya ce mai tsokanar tsiya. Ranar da ta kama ni ina raɓewa, dariya ta yi har da tari.

"Fassouma, ba ya cizo. Ayoyi ne a ciki. Harafin da ke bayansa Shin ne, farkon sunan Ubangiji, Shaddai, Mai tsaron ƙofofi. Duba, harshen wuta uku, tushensu ɗaya. Kowa ya fita, wurinsa zai koma."

Yau kuwa babu dariya. Ta riƙe yatsuna.

"Ba zan dawo ba. Ba ni da kowa a garin nan. Kada ki bari sunan Ubangiji ya shiga bola."

A asibiti ta cika. Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa.

Da safe na hangi masu gyaran gida sun fara watsa kayanta a babbar motar shara. Na zari wuƙar kicin.

"Ina ruwanki da addinin wasu?" in ji mijina Lamine. "Manager ɗin gidajen nan zai kawo mana problème."

"Kai da ke tsince takarda a parking saboda bisimilla? Matsa mini."

Ya matsa. Har ya biyo ni da sukuddireba, wai zan lalata wuƙa.

Mai fenti ya riga ya ɗaga burushi na ce masa ya dakata, da ɗan Turancin da na tsinta a sito inda nake aiki. Lamine ya kwance kusoshin, na naɗe kwanson a sabon kallabina. Muka kai majami'ar Yahudawa, limaminsu ya karɓa da hannu biyu.

An shafe ƙofar da farin fenti, wasu sun tare. Amma in rana ta faɗo a barandar da la'asar, ana ganin ramukan kusoshin nan biyu, daidai tsayin kafaɗarta.