Awa Bakwai da Tikiti Bai Nuna Ba

Wanda ya bar takarda ta yi ƙarya a madadinsa, shi ma maƙaryaci ne? Mai gyaran agogo ya kwana uku yana juya wannan tambaya, bai kamo bakin zarenta ba.

Ƙanwarsa, autar gidansu, ta haihu a wata ƙasa mai nisa, ta aiko wa mahaifiyarsu tikitin jirgin sama. Shekara tara rabon su da ganin juna. Tun farko Inna ta kafa sharaɗi: gwiwoyinta ba sa jure dogon zama, in tafiyar ta wuce awa shida, a gaishe mata da jaririn.

Da tikitin ya iso, ta sa tabarau ta karanta da kanta. Tashi ƙarfe goma na safe, sauka ƙarfe huɗu na yamma. Ta lissafa da yatsu.

"Shida cif! To, a sauko mini da akwati."

Shi kuwa da agogo ne abincinsa, ya san ƙarfe huɗun na can ne, kuma agogonsu yana bayan na nan da awa bakwai. Kilomita dubu goma sha ɗaya, zaman awa goma sha uku a kujera ɗaya.

Auta ta kira shi a waya. "Yaya, don Allah ka ja bakinka. In ta hau, ai ta hau."

Matarsa kuma ta ce, "Baban yara, ka faɗa mata mana."

"Ba zan faɗa ba. Ni na rubuta tikitin?"

"Oho. Kai da ba ka iya barin agogon maƙwabci ya yi lattin minti biyu."

Ran nan da hantsi yana shago, gilashi a ido, yana tsintar wani ɗan ƙaramin ƙarfe da hantsaki, sai ya hango Inna a ransa: awa shida ta cika, ta ɗaura ɗankwali, ta laluba takalmanta, ta leƙa tagar jirgi, ba komai sai ruwan teku. Ba ciwon gwiwar ne ya tsaya masa a rai ba. Ita da ba ta taɓa tambayar kowa lokaci ba sai shi.

Ya rufe shago, ya ɗauki agogon tebur guda biyu. Ya sami Inna tana ninke kayan jarirai a bakin gado. Ya ajiye agogunan a gabanta, ya saita ɗaya a ƙarfe goma, ɗaya a ƙarfe uku.

"Inna, wannan namu ne, wannan na su Auta. Ba shida ba ce. Sha uku ce."

Ya murza su tare a hankali har na Auta ya yi zagaye guda cif, sannan ya kai huɗu. Ta daɗe tana kallon nasu, wanda ya tsaya a sha ɗayan dare.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana uku."

"Ja'iri." Ta shafa gwiwarta, ta ɗauki wata 'yar hula ta sa a akwati. "Sai ka je ka ce su ba ni kujerar bakin hanya, inda zan riƙa miƙe ƙafa."