Batirin Fanka

"Ba nan ba, Tela! Ja a kan ja. Kai da ke zura zare a allura, waya biyu ta gagare ka?"

Ƙarfen narka dalma na hannuna, zufa na shiga mini ido. Baba Mai Rediyo, maƙwabcina na jikin katanga, yana kan kujera an tokare shi da matasai, ƙafafunsa a kumbure. Tun da ciwon zuciya ya kama shi bai iya kwanciya, hannunsa kuma rawa yake. Shi ya sa ya sa aka taso ni daga kan keken ɗinki, in zame masa hannu.

Fitila muke haɗawa. Autarsa ta sami aiki a gidan burodi, kullum kafin gari ya waye take fita a keke ta bi babban titi. Ta gaba ya gama ta tun yana da ƙarfi. Saura ta baya: ƙananan ƙwayayen LED jajaye, a jere cikin murfin wata robar magani.

"Abin da ke gabanka kana ganinsa," in ji shi. "Na baya ne ke kashe mutum."

Ya ce a gyara matashi, aka gyara. Ya ce a buɗe taga, ya ce a rufe. Matarsa, Inna, ta ajiye masa ruwa, bai ko kalla ba.

Na zazzage masa batiran da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta. Ya sa na mirgina kowanne a kan tebur. Ɗaya ya tafi yana ɗingishi.

"Ya kumbura. Fitar da shi, kada ya tashi da mu."

Sauran muka ɗora a mitar gwajin batir. Wannan ya mutu, wancan yana ɗaukar caji amma ba ya riƙewa.

"Gobe in leƙa kasuwa," na ce.

"Kasuwa? Su sayar maka da yashi a cikin gwangwani? Kuma wa ya ba ka goben?"

Sai idonsa ya sauka a kan 'yar fankar caji da ke hura masa iska a fuska, wadda in wuta ta ɗauke ita kaɗai ke sa ya sami numfashi.

"Kwance ta. Na cikinta mai kyau ne, ni na sa shi."

Inna ta dafe fankar. "Wallahi ba a taɓa ta. Da me za ka yi numfashi?"

"Da hanci, kamar kowa."

"Baba, a bari mana..." na fara.

"Tela, ni a zaune nake. Ita a kan titi take."

Inna ta janye hannunta ta fita. Na kwance fankar, na ciro batirin. Ɗakin ya yi tsit, sai shesshekar ƙirjinsa. Na haɗa waya, na danna makunni, jan haske ya watsu a tafin hannuna.

Da la'asar Auta ta dawo, garin fulawa har a girarta. Tana ganin fankar a buɗe ta gane.

"Baba, me ka yi? A mayar yanzu!"

"Hau ki je ƙarshen layi in gani. In ban gani ba, a mayar."

Na ɗaura fitilar a bayan keken, muka ja kujerarsa bakin ƙofa. Ta hau tana goge ido da bayan hannu. Ta wuce shagon mai aski, ta wuce famfo. Rana ba ta faɗi ba, ni kaina da ƙyar nake hangen jan.

"Kana gani?" na tambaya.

"Ina gani. Fitilar ta ɗan karkace hagu. Ka ɗaure ta da kyau, aikinka na tela ne."

Washegari na samo wani batir a kasuwa na sa a fankar. Ya ce ba shi da kyau, amma ya bari ta hura.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi na ji Inna ta kira ni ta katanga, ba da ƙarfi ba. Na shiga na tarar wuta ta ɗauke, batirin kasuwa ya mutu. Yana kan kujerarsa, kai a sunkuye, ƙirjin ya daina motsi. Auta ba ta taso daga aiki ba.

Inna na zaune a gefensa da yankin kwali a hannu, tana yi masa fifita a hankali. Ban ce ta daina ba.