Fuskokin Rumawa a Gidan Baba Kalli

Motar gyaɗa ba ta gama tsayawa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Nguru ba Malam Ajimi ya diro daga kan buhuna. Tun daga Gashuwa yake jin kamar ya sauka ya tura ta. Labari ne cike da bakinsa, kuma mutum ɗaya ne a garin nan zai san daɗinsa, wato maƙwabcinsa Baba Kalli.

Baba Kalli tsohon madugu ne. Tun yana saurayi, lokacin da ayari ke keta hamada zuwa Tarabulus, ya fara tsintar tsofaffin kuɗin Rumawa a wani kufai na bakin teku da ake kira Lebda. Jirgin ƙasa ya zo, ayari ya mutu, shi kuwa bai daina ba. Duk Balaraben da ya sauka Nguru sayen ƙaro sai Kalli ya tsare shi, ya ba da biyu masu kama da juna, ya karɓi ɗaya da ba shi da irinsa. 'Yan unguwa dariya suke yi masa. Abin da ke ƙona wa Ajimi rai ke nan: tarihi a jibge a tsakiyar unguwa, amma babu wanda ya taɓa tambayar ko fuskar wane ne a jiki. Shi da yake malamin elementare yana iya haɗa baƙaƙen, ma'anarsu ce ta gagare shi. Don haka ya ari wanda tsohon ya fi so, mai hoton wani mutum mai gemu, ya kai wa Baturen makarantu da ke rangadi a Gashuwa.

Tun daga bakin lungu ya jiyo ƙarar magagari. A zauren Baba Kalli ya tarar da Sabitu maƙerin farin ƙarfe zaune da tasar tsofaffin kuɗin a gabansa, ya danne wani kwabo yana goge shi. Madu, ƙanen Kalli, yana tsaye a kansa. A gefe ga wasu an riga an gama da su, sumul, babu ido babu hanci.

"Sabitu, ɗaga hannunka," in ji Ajimi. "Baba Madu, me ake yi haka?"

"Jikin Yaya ya tsananta tun jiya," in ji Madu. "Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da surar mutum. Ba zan bar ɗan'uwana ya cika da kawunan arna a ƙarƙashin gadonsa ba."

"To a fitar da su daga gidan mana."

"A fitar a kai ina? Dukiyarsa ce. In ta Allah ta kasance, gado ce, tsinke ba ya fita sai an raba."

"Sulen da ke aljihunka fa? Kan Sarkin Ingila ne a jiki, kuma da shi ka shigo."

Sabitu ya sunkuyar da kai yana dariya. Madu ya dafe aljihu. "Wannan lalura ce, da shi ake cefane. Ku 'yan boko bakinku ya fi ku girma. Ci gaba, Sabitu."

Ajimi ya durƙusa ya rufe tasar da hannuwansa biyu. "Abin da ya fi shekara dubu yana nan, rairayi bai cinye shi ba, ruwan teku bai cinye shi ba, mu ne za mu shafe shi kafin la'asar? Ku ba ni dama in ga mai su tukuna."

Daga cikin gida wata murya ta taso a hankali. "Wa nake ji kamar Malam? Ku bar shi ya shigo."

Tsohon yana kwance a kan gadon kara, ya rame sai idanu. Matarsa Hajja Yagana tana yi masa fifita. Ajimi ya zaro kwabon ya sa masa a tafin hannu.

"Baba, na samo sunan Mai Gemu. Safirus ake ce masa. Ya mulki Rum gaba ɗaya, gabas da yamma. Amma ka san inda aka haife shi? Lebda."

"Wace Lebda?"

"Taka. Inda ka tsince shi. Ɗan nahiyar nan ne, Baba."

Kalli ya yi yunƙuri har sai da Hajja ta tallafe shi. Dariya ta kama shi, tari ya biyo baya, amma bai saki kwabon ba. "Ashe a ƙofar gidan ubansa na same shi. Ni na ce wannan gemu ba na Bature ba ne. Hajja, ban faɗa miki ba?"

"Ka faɗa, har na gaji da ji," in ji ta.

"Kuma akwai gidan ajiye kayan tarihi da aka buɗe a Jos," in ji Ajimi, maganar na fita da sauri. "Za a jera kuɗin nan naka a cikin gilashi, a rubuta sunanka a ƙasa. Sai dai ana can zaure ana goge su."

Tsohon ya kasa kunne, ya ji ƙarar magagarin ta sake tashi. Sai ya ce a kira Madu da maƙerin. Da suka shigo ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Madu, ka yi don kana sona, Allah ya saka. Ni ma ina son baƙin nan, mala'ikun rahama, su shigo. To ku shaida, da hankalina, na ba Malam su kyauta. Yanzu ba gado ba ne. Malam, kwashe ka fita da su, kyauta ba ta tabbata sai an karɓa."

Madu ya sauke ajiyar zuciya. "Na shaida. Ya kwashe har ƙurar."

Ajimi ya koma zaure ya juye tasar a gaban rigarsa, masu fuska da marasa fuska, ya tattare ya rungume. Ya fita yana sassarfa kamar wanda ya ci gasar kokawa, kuɗin na kacau-kacau, mata na leƙowa ta saman danga. Da ya isa gida ya zube su a kan tabarmarsa, ya tsaya yana ware waɗanda suka tsira, yana ta murmushi shi kaɗai. Yana cikin haka ya ji salati ya tashi a bayan katanga.

Kafin magariba aka kai Baba Kalli makwancinsa. Ajimi na cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabari. Da ya miƙa hannu zai karɓi itacen rufi, sai ya ga tafinsa ya yi kore da tsatsar tagulla. Ya jera itacen, ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannun nan, ya shiga liƙe ƙofofin.